Malamin Aji a Bakin Iyaka

Ka tambayi malamin firamare a Riko da wane harshe yake koyarwa, zai ce da Turanci, domin da shi aka buga littafin da ke hannunsa. Ka tsaya bakin taga kuwa, wani abu daban za ka ji. Malam zai rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su maimaita, sannan ya juyo ya ce, "Wato abin da ake nufi shi ne..." Daga nan ne darasi yake farawa, da Hausa.

Riko mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jibiya, inda jihar Katsina ta haɗa iyaka da jihar Maraɗi. Yaran ajin, Hausa suka tashi da ita, wasu Fulatanci, kuma kusan kowa ya biya allonsa da Larabci kafin ya sa kayan makaranta. Wanda ya taɓa zaman lakwal a tsallake, wajen Ɗan Isa ko Madarunfa, da guntun Faransancinsa yake zuwa. Yaron da ya saba da sefa, da dala yake ƙirga kuɗi: dala ashirin, sefa 100. Malamin da ya lura da wannan ya samu jadawalin sau biyar a ɓagas, domin yaron ya riga ya iya shi a kasuwa, sunansa ne kawai bai sani ba.

Sauya harshe ba laifi ba ne, amma iyawa ce. Ragon malami yakan karanta kowace jimla ya fassara ta nan take. Mako biyu ya isa yara su gane cewa Hausar na tafe, sai su toshe kunne a lokacin Turancin, su jira. Ya ce, "Kun gane?" aji ya ɗauka, "Mun gane, Malam!" alhali ba wanda zai iya faɗin abin da bakinsa. Gwani kuwa yakan shimfiɗa ma'anar da Hausa har ta zauna, ya bar yara su yi gardama a kanta, sannan ya ɗora kalmar Turancin, ya nemi su mayar masa da ita cikin jimlar da suka ƙera da kansu. Ya san inda zai buɗe wa Hausa ƙofa, ya san inda zai riƙe ta ko da aji ya yi tsit. Wannan riƙewar ita ce mai wuya, musamman a ajin da ya cika har ƙofa.

Hukuma dai ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a ajujuwan farko. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce shekaru shida na firamare gaba ɗaya. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya soke wannan, ya ce Turanci tun daga tushe. Ga shi kuwa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza a Turanci ba. A Nijar, wadda ta fara gwada makarantu masu harshe biyu tun 1973, an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Duk wannan kai-komo a kan malamin Riko yake sauka. Takardar NCE da ya karɓo daga Katsina ko Dutsinma ta shaida ya iya darasinsa. Dabarar ratsa harsuna biyu cikin minti talatin kuwa, yawanci wajen tsofaffin malamai ake tsintar ta, ko a gaban aji bayan an sha kunya. Ranar jarrabawar shiga sakandare takarda da Turanci za ta zo, kuma ba a barin malam ya juyo ya ce "wato".