Piya-piya Ba Ƙwaro Kaɗai Yake Kashewa Ba

Da kaka ta yi a Magarya da Dungas, babbar fargabar manomi ita ce ƙwarin wake. Shi ya sa ake rububin piya-piya da Sniper a kasuwanni. Wani ya yayyafa a buhun wake, wani ya fesa a ɗaki saboda sauro, yara na kwance. Amma hanyar da maganin nan ke bi ya kashe ƙwaro, ita yake bi a jikin mutum.

Kafin ka ɗaga hannu ko ka ja numfashi, sai jijiya ta kai wa tsoka saƙo. Ɗan aikenta wani sinadari ne mai suna asetilkolin. Jiki ne ke haɗa shi a bakin jijiya, daga kolin da ke cikin ƙwai, hanta, gyaɗa da wake, tare da wani ɓangare da ake samu idan jiki ya ƙona sukari. Da ya isar da saƙo, wani sinadarin mai suna kolinestaras zai farfasa shi kafin ƙiftawar ido, jijiya ta kwashe kolin ɗin ta sake amfani da shi. Ta haka tsoka ke samun hutu.

Gubar da ke cikin piya-piya, wato diklorbos, kolinestaras take ɗaurewa. Sai asetilkolin ya yi ta taruwa. Miyau ya dinga dalala, gumi da hawaye su kece, ga amai da zawo. Baƙin ido ya tsuke, nama ya riƙa rawa, majina ta cika ƙirji har numfashi ya gagara. Ta fata ma tana shiga, ba sai an sha ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben diklorbos.

In gubar ta kama mutum, a fitar da shi cikin iska, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai, don yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da shi tare da kwalbar. Allurar atrofin na ceton rai in an zo da wuri.

Wake kuwa, a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS mai hawa uku, a ɗaure tam. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwarin.