EDEN: TSOHON GIDAN SILIMA NA GARIN LA CIOTAT

A bakin tekun Bahar Rum, gabas da birnin Marseille na ƙasar Faransa, akwai wani ɗan gari da ake kira La Ciotat, wanda a da aka san shi da sana'ar ƙera jiragen ruwa. A nan ne gidan silima na Eden yake, wanda littafin Guinness ya tabbatar a shekarar 2021 cewa ya fi kowane gidan silima da ke aiki a duniya tsufa.

An buɗe gidan cikin watan Yuni na 1889, tun ba a san majigi ba. Wasan kwaikwayo da kaɗe-kaɗe da dambe ake yi a ciki. To, sai aka yi dace wani attajiri, Antoine Lumière, yana da gidan hutu a garin, kuma 'ya'yansa biyu, Auguste da Louis, su ne suka ƙera na'urar ɗaukar hoto mai motsi. A tashar jirgin ƙasa ta garin suka ɗauki shahararren hoton nan na isowar jirgi. Mai gidan Eden kuwa, Raoul Gallaud, abokin mahaifinsu ne. Ran 21 ga Maris, 1899, mutane suka biya kuɗi suka kalli silima a gidan karo na farko.

Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara 80. A 1982 ɓarayi suka kashe manajan gidan, aka daina nuna silima kullum, sai dai ɗan biki na shekara-shekara. Ba a jima ba kuma masana'antar jiragen ruwa ta durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Wanda ke neman na tuwo ina zai tuna da silima? Hukumar garin ta sayi ginin a 1992, amma ba ta da ƙarfin gyara shi, a 1995 aka garƙame ƙofarsa don gudun haɗari.

Abin da ya ceci Eden shi ne nacin mutanen garin. Suka kafa ƙungiya, suka yi ta faɗi-tashi, gwamnati ta sa ginin cikin jerin wuraren tarihi a 1996, wanda ya hana a rushe shi. Kuɗin gyara dai bai samu ba sai da aka zaɓi yankin Marseille ya zama cibiyar al'adun Turai ta 2013. Cikin watan Oktoba na wannan shekara aka sake buɗe shi, bayan shekara 18 a kulle, aka kuma danƙa ragamarsa a hannun ƙungiyar mutanen garin.