Ladi Kwali: Matar da Ke Bayan Naira Ashirin

Mai karatu, idan Allah Ya sa naira ashirin ta faɗo hannunka, juya bayanta. Matar nan da ta duƙufa kan tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, haifaffiyar garin Kwali wajen shekarar 1925. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar uwar iyayenta.

Irin ginin Gwari ba ya buƙatar na'ura. Ana murza yumɓu ya yi tsawo, a riƙa ɗora shi zagaye-zagaye, maginiya tana kewaya tukunyar da ƙafa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har randa ta tashi sumul. Kafin ta bushe sai zane, kuma a nan ne Ladi ta yi wa tsara zarra. Abin da take gani a dajin garinsu shi take zanawa: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsaye. Da tsinin ƙaramar wuƙa take tsaga jikin ɗanyen yumɓu, ta ba kowace dabba nata fili, ta cika bayanta da ƙananan layuka har ka ce ɓawon fata ne.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fada. A can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta lokacin, wato Suleja ta yau, Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a rufaffen murhu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

Sai dai wannan ci gaba ya zo da tasa asarar. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska na busawa. Wadda aka shafa wa ƙyalli kuwa ƙofofin jikinta sun toshe, ga nauyi, ba mai iya ɗaukarta zuwa rafi. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan kallo. A ganina, abin da ya fitar da Ladi kunya shi ne ba ta yar da hannun gida ba: manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, da dabbobinta a jiki.

An baje ayyukanta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, kuma cibiyar ta Suleja sunanta take amsawa.