Gaya: Yadda ƙaunar maƙwabci ta kai yara makafi makaranta

Duk wanda ya san Gaya ya san garin fatauci ne. Ga Kamba nan kusa a ɓangaren Nijeriya, ga Malanbil a tsallaken kogi cikin ƙasar Benin. Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano suka yi cirko-cirko, fatake suka koma ga jiragen kwale-kwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma ƴan kasuwa sun daɗe suna jin raɗaɗinsa a aljihu.

To, idan ciniki ya ja baya, wanda ke fara ji a jikinsa shi ne mai jiran sadaka a bakin rumfa, kuma da yawansu makafi ne. Kowace mai tebur ta san su: babba da sandarsa, yaro na jan sa, wani lokaci ma yaron ne makahon.

Kiristocin Gaya ba su da yawa, kuma akasarinsu baƙi ne daga Benin, Togo da Nijeriya. Koyarwar da suke ji a majami'a ta rataya ne a kan umarni biyu, wato ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, kuma malamansu na cewa ba a raba ɗaya da ɗaya. Faɗa da baki ba wuya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda aka kai maganar a aikace.

Wani limamin Katolika ɗan ƙasar Sifen, Fada Rafael Marco na ƙungiyar SMA, tare da wasu matasan gari, sun fara tattara yara makafi a Gaya domin a sa su karatu, daga baya aikin ya kai Dosso. Galibin yaran daga gidajen Musulmi suka fito. Ana koya musu rubutun makafi, wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙirƙiro: ɗigo shida ne kacal, ana tsira su a takarda mai kauri, yaro ya bi da ɗan yatsa ya karanta. A koya masa tafiya da sanda shi kaɗai, ya yi wanka, ya wanke tufafinsa. Ga mai ido wannan ba komai ba ne. Ga yaron da aka saba ajiyewa a ƙuryar ɗaki saboda iyaye na jin kunyar a gan shi, ranar da ya je rijiya ya dawo ba ɗan jagora babbar rana ce.

A ganinmu nan ne aikin ya fi wuya, shawo kan iyaye. Wasu na ɗaukar makanta a matsayin baki ko aikin iskoki, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, barar yaron ce ke ɗora tukunyar gidan. Makarantar makafi ta Soly Abdourahamane tana can Yamai, tafiyar kusan kilomita 300, wadda talakan ƙauye ba ya ko mafarkinta.

Akwai dai labari mai daɗi. A Janairun 2025 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar makantar bakin kogi, ita ce ta farko a Afirka. Sai dai yanar ido da hawan jinin ido suna nan, kuma ana haihuwar yara da larurar.

Mata ƴan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin gidajen unguwa. Dala biyar ɗin da kuke jefawa a ƙoƙo tana da ladanta, ba mu hana ba. Amma wadda ta san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro, ta shiga ta gaida uwarsa, ta gaya mata cewa makaho ma yana karatu, ta kuma raka ta a tambayo yadda ake rubuta sunan yaron.