Bashin Da Ba Ka Ci Ba: Yadda Ake Wanke Suna

A zamanin da, idan mutum ya je neman rance a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, shaidarsa tana bakin jama'a. Mai unguwa ya san shi, dillali ya san shi, in kuwa aka yi masa ƙazafin cin bashi sai ya tara dattawa su wanke shi. Yau shaidar nan ta koma cikin kwamfuta, inda ba a jin rantsuwa, sai takarda.

Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba izinin tattara labarin masu karɓar rance, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna su ke aika musu da bayanin wanda ya ci bashi, da nawa ya biya, da nawa ya rage. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, wannan bayani yana bin mutum duk bankin da ya shiga.

To, amma hannun ɗan Adam ne ke rubutun, kuskure kuwa ba ya ƙarewa. Malamin makaranta yana iya gama biyan rance daga albashinsa, a manta ba a rufe lissafin ba. Manomin da ya ba da sunansa a ƙungiya, kamar yadda aka yi a shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka soma a 2015, yana iya tarar da an rubuta masa abin da ya fi wanda ya karɓa. Sau da yawa mutum ba ya sani sai ranar da ya nemi kuɗin taki aka hana shi, damina kuwa ba ta jiran kowa. Haka kuma tun 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire bashin da ba a biya ba daga ajiyar mutum da ke wani banki dabam.

Abin farin ciki shi ne doka ba ta bar talaka haka nan ba. Dokar bayanan masu rance ta 2017 ta ba kowa ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, da kuma ƙalubalantar kuskure. Mutum yana iya neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya rubuta koke zuwa ga bankin da kuma kamfanin da ya fitar da rahoton, ya haɗa da rasit ko takardar shaidar kammala biya, ya kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, sai ya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Bayan nan kotu tana nan.

Saboda haka muna jan hankalin jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, manoma da ma'aikata da 'yan kasuwa, kada wanda ya gama biyan rance ya bar banki ba tare da takardar shaida ba. Kada kuma a ba kowa aron lambar BVN, ko da ɗan'uwa ne. Suna jari ne, mai shi kuwa shi ke tsaronsa.