Sharhi a Gefe ko a Littafi Daban: Ɗora Bayani a kan Kalmomin Matani a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar rubuce-rubuce cikin Larabci da ajamin Hausa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara irin waɗannan takardu. Duk mai son ɗora su a intanet domin ɗalibai zai tarar kowace kalma tana buƙatar ƙarin bayani: karin sautinta, tsawon wasulanta, ma'anarta da jinsinta. Na ƙarshen nan yana da amfani ga ɗalibin Yendi ko Bawku, domin Hausar zangunan Gana galibi ba ta bambanta namiji da mace yadda ta Kano take yi. To, a ina za a ajiye bayanin?

2.0 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce a manna bayanin a jikin kalmar, kamar yadda almajiri yake rubuta fassara tsakanin layuka. Harshen HTML5, wanda aka tabbatar a 2014, ya tanadi alamar "data-" domin wannan aiki. Fa'idarta ita ce duk inda fayil ya je, bayanin yana biye da shi. Sai dai tana ƙara nauyi. Alal misali, matani mai kalmomi 5,000, kowace da bayani 4, zai ɗauki bayanai 20,000, kuma dole wayar ɗalibi ta sauke su duka ko da kalmomi 10 kacal zai duba. Haka kuma alamar ba ta riƙe komai sai rubutu, saboda haka jerin ma'anoni sai an sake warware shi kafin a nuna.

Hanya ta biyu ita ce a ajiye bayanin a jadawali daban cikin JavaScript, tamkar littafin sharhi, a ba kowace kalma lamba. Matani zai buɗe da sauri, kuma kalmar "gari" da ta zo sau 50 sau ɗaya za a bayyana ta. Illarta ita ce idan jadawalin ya ɓata, ko lambobi suka goce bayan gyara, matanin zai zauna tsirara, ko ma ya ɗauki ma'anar wata kalmar.

3.0 Kammalawa

Abin lura shi ne sauri da ɗorewa ba sa samuwa wuri ɗaya. Bayani gajere wanda rashinsa zai ɓata karatu, wato karin sauti da tsawon wasali, a manna shi a jikin kalma, domin tsawon wasali ne ke raba garin da ake zama da garin tuwo. Dogon sharhi kuwa a bar shi a jadawali, sai an nema a kawo.