Zare Filogi Bai Isa Ba

A Gonin Gora, bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, yaron da ke koyon gyaran amfilifayar masallaci ko ta coci zai iya ɗauka cewa da an zare filogi haɗari ya wuce. Sam ba haka ba ne. Kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe na'ura, kuma a tsohuwar amfilifaya mai bawul na gilashi takan kai bolt 400, alhali wutar soket 230 ce. Wani zai ce ai yanzu taransista ake yayi. Gaskiya ne, amma sababbin na'urori da yawa suna tara kusan bolt 325 a babbar kafasitarsu. Dole a sauke wutar da rezista, ba da sukudireba mai tayar da tartsatsi ba, sannan a auna da mita kafin yatsa ya shiga ciki.